Jinyar Hajiya a Garin Masaƙu

Ƙarfe huɗu na yammacin wata Lahadi, cikin sanyin farkon shekarar 1983, Bose ta buɗe murfin langa a tsakiyar ɗakinmu, ƙamshin daddawa ya tashi. Daga nan komai ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne saboda agogon cocin da ke ƙarshen layinmu yana cikin bugawa, kuma a garin nan ƙarfe huɗu duhu ya riga ya fara sauka.

Tuwo ne malmala biyu da miyar kuka. Hajiya, mahaifiyata, ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba. An yi mata tiyatar rage ƙiba, an tsuke mata tumbi har bai fi ƙwan kaza ba, an ce kada ta kai komai baki sai abin da ake kurɓa. Na san haka, ita ma ta sani. Ta dubi tuwon, ta dubi Bose, sannan ta jawo kwanon wanke hannu.

Kafin in faɗi abin da ya hana ni riƙe hannun nan, sai na faɗi yadda muke da ita.

Ni ce 'yar farinta, kuma sunan surukarta aka sa mini, Murjanatu. Saboda haka kunya biyu ce ta haɗu a kaina. Ana yaye ni aka kai ni Ƙarfi wurin kakata mai sunan, can na girma, can na fara makaranta. Idan na zo Funtua hutu, Hajiya ba ta kallona kai tsaye, ba ta kiran sunana, ba ta aikena. Sai dai ta ce wa ƙanwarta, ko wa Auta, "A tambayi 'yar Ƙarfi ko ta ci abinci." Ina zaune a tabarma ɗaya da su, a tambaye ni, in amsa, a mayar mata. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka kowace uwa mai mutunci take yi a wurinmu. Kuma kwanona kullum ya fi na kowa nama.

Abinci shi ne sana'arta kuma shi ne bakinta. Lokacin kaka, idan kasuwar auduga ta buɗe, tukwanenta ne ke ciyar da leburori da direbobin manyan motoci da ke hulɗa da Alhaji, mahaifina. Daga Dandume har Danja an san tuwon masararta. An kuma san girman jikinta, mata suna yi mata sha'awarsa, suna cewa jikin hutu ne, jikin matar da ba a ɓata wa rai. Abin da ba su gani ba shi ne allurar suga ta kowace safiya, da ƙwayoyin hawan jini, da gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Tana cikin magana sai barci ya sace ta. Gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, tun haihuwar Auta take salla a kan kujera. A Makka ma a kan makara ta katako aka ɗauke ta ɗawafi, ba ta son a tuna mata.

Ni kuwa a lokacin ina shekara ta biyu a wani gari na arewacin Ingila, ina karatun kula da ɗakin littattafai. Gari ne na masaƙu da suka mutu, dogayen bututun hayaƙi a tsaye babu hayaƙi. Wani lokaci nakan tsaya in dube su, in ce wataƙila audugar Alhaji ta taɓa shiga nan kafin ni. Ba ni da ƙawaye. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗakin karatu.

Can Alhaji ya same ni ta tarho. Shi Uwata yake kirana. Ya ce wani likita a Zariya ya gaya masa idan jikin Hajiya bai ragu ba zuciyarta ba za ta kai ta nesa ba, kuma ya ji a Ingila ana wani aiki na rage ƙiba. Ya ce in bincika, duk abin da na ce shi za a yi. Na shiga sashen likitanci na ɗakin karatunmu, na karanta duk abin da na samu, wanda na gane da wanda ban gane ba. Na ga inda aka ce suga yana sauka, hawan jini yana lafawa. Na ga inda aka ce ɗinkin yana iya ɓallewa. Na auna, na sake aunawa, sannan na ce masa a kawo ta. Da bakina na faɗa.

An so ƙanwarta ta rako ta, takardunta ba su fito ba. Haka aka turo mini Hajiya ita kaɗai a keken guragu a filin jirgin Landan, da mayafi biyu da akwati mai ɗaure da igiya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi gefen kafaɗata ta ce, "An rame." Ita ce maganarmu ta farko, kuma kusan ita kaɗai muka yi har jirgin ƙasa ya kai mu arewa.

Masaukin kuwa, wani ɗan ƙasarmu ne ya nema mana, mutumin da ya ce wa Alhaji shi wakilin marasa lafiya ne, ya rantse ɗakin ƙasa ne kusa da asibiti. Muka tarar da ɗakin a hawa na biyu, matakala siririya mai lanƙwasa, asibiti kuma sai an shiga bas biyu. Ya miƙa mini mabuɗi a bakin ƙofa ya ce zai je ya dawo. Ban sake ganinsa ba. Ranar Hajiya ta hau matakalar nan da hannu da gwiwa, tana hutawa, ni ina bayanta da akwati, na rasa inda zan sa idona. Wata tsohuwar Baturiya da ke ɗakin ƙasa ta leƙo, ta koma, ta fito da kujera ta ajiye a kwanar matakalar. Kujerar ta zauna a wurin har muka bar gidan. Daga baya na ji a masaƙa ta yi aiki tun tana budurwa, ƙarar injuna ta kurmantar da ita.

Ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya da katifa a ƙasa, da murhun gas a lungu. Babu ƙanwarta, babu Auta, babu wanda za a ce ya gaya wa 'yar Ƙarfi. Sai Hajiya ta koma yi wa bango magana. "A miƙo buta." "Ko an kashe wutar nan?" Ni ma in amsa wa bangon. Kowace safiya sai na gwada fitsarinta, kamar yadda asibiti suka koya mini: 'yan ɗigo a siririyar kwalba, a jefa ƙwaya, ta tafasa, a duba launi. Shuɗi lafiya, ruwan jan bulo suga ya yi yawa. Ba ta taɓa miƙo mini kofin ba. Takan ajiye shi bayan ƙofa ta rufe da takarda, ni kuma in ɗauka kamar na tsince shi. Kullum jan bulo.

Gaban likita abin ya fi tsanani. Mutum ne mai fara'a, mai saurin magana, yana tambaya ina fassarawa: yadda take bayan gida, ko al'ada ta ɗauke, ko fitsari yana kufce mata. Nakan sunkuyar da kai in faɗa da ƙaramar murya, ita kuma ta amsa wa fitilar da ke kan teburinsa. Ya zana mana tumbi a takarda, ya ja layi ta samansa. Ya ce za a ɗinke nan da ƙananan ƙarafa irin na maƙale takardu, a bar 'yar jaka da 'yar ƙofa, abinci kaɗan ya cika ta. Ya ce wuƙar ba ta taɓa suga, ba ta taɓa gwiwa. Nauyin ne idan ya sauka yake sakin su, shi ma ba ga kowa ba. Da muka fito Hajiya ta ce wa ƙofar bas ɗin, yaron nan ko gemu bai tara ba zai koya wa mai tuwon Funtua yadda ake cin abinci.

A kasuwar garin muka haɗu da Bose. Ina tsaye gaban mai kayan miya ina juya wata kubewa da ta yi yaushi, na ce a hankali, "Wannan ai ta tsufa." Sai na ji a bayana an ce, "Wallahi ko akuyar Tudun Wada ba za ta ci ba." Na juya na ga mace gajera da katuwar rigar sanyi tana dariya. Bayarabiya ce haifaffiyar Funtua, mahaifinta yana da shagon kayan keke kusa da tashar jirgin ƙasa. Mijinta yana karatu, ita tana aiki a gidan wanki. Da na faɗi sunan Hajiya sai ta dafe ƙirji. Ta ce tana yarinya an sha aikenta gidanmu da kwano, kuma Hajiya ba ta taɓa barinta ta fita ba sai ta ƙara mata tsoka a hannu.

Ranar da ta fara zuwa ɗakinmu na ji muryar Hajiya ta gaskiya, wadda rabona da ita tun gida. Suka bi Funtua layi layi, wa ya mutu, wa ya yi aure, wa ya gina bene. Hajiya tana ce mata 'yar mai keke, ita tana ce mata Mama. Ni kuma Bose ta sa mini Malama Shiru. Amma ko Bose ba a gaya mata ainihin aikin da za a yi ba. Hajiya ta ce mata aikin ciwon suga ne. Ba za ta iya buɗe baki ta ce ta ƙetare teku don a hana ta cin abinci ba, kuma tun da ta rufe maganar, ba ni da ikon buɗe ta.

Aka yi tiyata, aka sallame mu. Ma'aikatan motar asibiti suka hau da ita. Na sayi ɗan kofin da Turawa ke ɗora dafaffen ƙwai a kai, shi ya zama kwanonta: romo tacacce, madara, kunu mai ruwa ruwa. Ina aunawa, ina ajiyewa a gefen gado, ina juya baya. Takan ɗaga kofin ta ce wa taga, ko kaza aka ba wannan sai ta kai ƙara.

Sai Lahadin nan. Bose ta shigo da langa naɗe cikin tawul, hancinta ya yi ja don sanyi. Bas biyu ta shiga. Ta ce garin shinkafa ta samu a shagon Indiyawa ta tuƙa, kukar kuwa ita ce ta ƙarshe cikin wadda uwarta ta aiko mata, tana ta ɓoyonta don ranar haihuwa, ta ga Mama ta fi cancanta. Ta ce mara lafiya ba ya tashi da ruwan Turawa.

Na ce, a hankali, "Likita ya ce..."

Hajiya ba ta bar ni na ƙarasa ba. Ta ce wa bango, "Ba a ɗauko wa mutum abinci daga uwa duniya a tsaya ana karanta masa likita."

Bose ta yi dariya ta ce likitocin nan me suka sani game da tuwo, Malama Shiru ta bar Mama ta ji daɗinta. Ni kuma aka rufe mini baki a gaban baƙuwa. Matar da ta shekara talatin tana ciyar da mutane, wadda ba ta taɓa yarda a mayar mata da kwano da saura ba, ba za ta mayar da na 'yar mai keke ba. Ta yanki loma ƙarama, ta sa albarka. Ta ƙara. Na ga lokacin da ta tsaya mata a ƙirji, na ga ta haɗiye da ƙarfi ta sake kai hannu, don Bose tana kallonta da murna. Ba ta ci da yawa ba. A gida ko yaron goye ya fi haka.

Bayan tafiyar Bose, Hajiya ta shiga banɗaki ta daɗe, ta buɗe famfo don kada in ji. Washegari ta kwanta ta fuskanci bango. Na tambaya ko ana jin ciwo, ta ce lafiya lau, barci ne. Na kawo romo, ya huce a inda na ajiye shi. Da a gida ne da ta kira ƙanwarta ta raɗa mata, da ta ce wa Auta ta danna mata nan. A nan babu kowa sai ni, ni kuwa ba a kai wa ɗan fari kukan ciwo. Na zauna a katifata da littafi a buɗe, ina kallon bayanta yana hawa yana sauka da sauri.

Safiyar Talata ban ga kofi a bayan ƙofa ba, kujerar sallarta kuma tana inda take tun jiya. Na matsa kusa. Gumi ya jiƙa ɗankwalinta, ta riƙe kafaɗarta ta hagu, leɓunanta sun bushe. Na ɗora hannu a goshinta, zafi kamar murfin tukunya. Tun da na yi wayo ban taɓa taɓa fuskarta ba sai ranar. Ba ta ture ni ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na sauka da gudu babu takalmi zuwa akwatin tarho na bakin titi. Maza huɗu na motar asibiti suka sauko da ita, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsohuwar ɗakin ƙasa ta janye kujerarta don su wuce, sannan ta miƙo mini takalmanta na cikin gida.

Ɗinkin ya ɗan ɓalle, abin da ke ciki ya tsiyaya inda bai kamata ba. Aka sake shiga da ita. Da likita ya fito fara'arsa ta tafi. Ya tambayi yaushe ciwon ya fara, na ce ina jin tun Lahadi. Ya ce ta kwana biyu da irin wannan azaba a ɗaki ɗaya da ni ba ta gaya mini ba? Ya ce, "Ba ke ce 'yarta ba?"

Na ce masa ai shi ya sa. Ya dube ni kamar Turancina ne ya ƙare.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a zamana na ƙasar nan. Hajiya tana kwance da robobi a hanci da ciki, ba ci ba sha sai ta jijiya. Na bar zuwa aji. Kullum bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, in shiga ɗakin da babu kowa, in kunna gas don in ji motsin wani abu. A ɗakin jinyar kowa yana da masu kawo masa furanni, mu ba mu da kowa. A gida da yanzu tsakar asibiti ta cika da tabarmi da kwanuka, da masu sannu daga Malumfashi da Ƙarfi har sai nas ta kore su. Nakan zauna gefen gadonta yini guda, ita tana kallon rufi, ni ina kallon robar ruwa tana ɗiga.

Bose ta ɗauke ƙafa da ta ji abin da ya faru. Sai da na je gidan wankin na same ta. Ta fashe da kuka cikin tururi, ta ce don me ba a gaya mata ba, ita da ta zo da alheri ta kusa yin kisa. Da ta zo asibiti ta durƙusa, Hajiya ta ce mata ta tashi, miyar ta yi daɗi, gishiri ne kawai ya ɗan yi kaɗan. Daga ranar Bose ta zama bakinmu. Hajiya ta gaya mata inda ke ciwo, ita ta juyo ta gaya mini, ni in gaya wa nas, alhali gado ɗaya ne tsakaninmu. Bose ta ce ita ta zama gidan waya, saura a manna mata kan sarki a goshi. Ta ce ta girma cikin Hausawa amma wannan kunyar tamu har gobe ba ta gane ta ba, ita uwarta ko ƙaiƙayi take ji sai duk layi sun sani.

A lokacin ne tambayar ta zauna mini a ƙirji. Ni na ce a kawo ta. Na ɗauko mace mai cika ɗaki da murya, na kawo ta inda ba ta da kowa, ga ta nan kwance kamar an sace iskar cikinta. Gyara ta aka yi, ko rage ta kawai aka yi? Na tambayi likita. Ya nuna mini yadda nauyinta ke sauka, ya ce wasu suna samun sauƙi sosai, wasu jakar tana buɗewa su koma yadda suke, lokaci ne zai nuna. Na tambayi littattafai, suka ba ni abin da suka ba ni da farko. Alhaji kuwa da na ce masa jikin yana raguwa, sai ya ce, "Uwata, ba dai ta rame ƙwarai ba ko?" Shi da ya sayar da auduga don ta rame. Bose ce ta ce, ke Malama Shiru, ga mai jikin nan a gabanki, bakinki ciwo yake?

Kafin a sallame mu mijin Bose ya gama karatu suka koma gida. Ta bar mana langar. Muka koma ɗakin sama mu biyu da bango.

A hankali abubuwa suka fara sauyawa, ba tare da kowa ya yi shela ba. Kwalbar safe ta bar jan bulo ta koma ruwan ƙasa, ta koma kore. Asibiti suka rage allura, suka sake ragewa. Wata safiya ƙwayar ta tafasa ta lafa, ruwan ya tsaya shuɗi. Na ɗauka ƙwayar ce ta lalace, na sake da wata. Shuɗi. Na rasa wanda zan nuna wa, sai na ajiye kwalbar a kan taga inda haske ke bi ta cikinta. Hajiya ta gan ta, kuma ba ta ce a kawar ba. Bayan wani lokaci aka tsayar da allurar gaba ɗaya, aka rage ƙwayoyin hawan jini. Gyambon ƙafar ya kame. Munsharin da ke girgiza ɗaki ya tafi, barcin rana ya daina sace ta a tsakiyar magana, sai dai babu wanda za ta yi maganar da shi.

Abin da aikin ya karɓa kuma ya karɓa. Gashinta ya riƙa zuba a kan matashi. Sanyi ya shige ta, ga hita ga bargo biyu tana rawar ɗari. Fatar damtsenta ta sauko kamar hannun riga. Cokali ɗaya idan ya wuce ƙa'ida sai ya dawo. Nama ya gagare ta. An ce ƙwayoyin ƙarin jini za ta sha su har iyakar rai. Zanen da da kyar yake haɗuwa yanzu sai ya zagaye ta ya yi saura. Wata rana na gan ta gaban madubin banɗaki tana taɓa wuyanta. Ta ce wa madubin, wa zai sayi tuwo a hannun mace mai wuyan zabuwa. Ta ce matan Funtua za su ce an tafi da buhu an dawo da tsumma, wasu su ce jifa ne, wasu su ce Alhaji ne ya gaza. Ban ga hawaye ba, amma ta daɗe ba ta fito ba.

Da sanyi ya fara sauƙi likita ya ce ta riƙa tafiya. Ta fara da sauka zuwa kujerar kwana, ta huta, ta dawo. Daga baya ta kai ƙasa. Tsohuwar ta buɗe ƙofa ta gan ta tsaye da ƙafafunta, ta tafa hannu sau ɗaya. Hajiya ta ce mata sannu da gida da Hausa, ita ta amsa da Turanci, kurma da baƙuwa, suka rabu kowa ya gamsu. Gwiwoyin ba su warke ba, likita ya ce abin da ya goge ya goge, amma sun daina kumbura.

Aka sa ranar komawarta. Ni zan zauna in rama karatun da na rasa. Ina ɗaure akwatinta da igiyar da ta zo da ita, na ga idan ban tambaya yanzu ba, a Funtua ba zan samu hanya ba, can akwai mutane da yawa da za a sa tsakaninmu. Ban juyo ba, na ce wa akwatin, "Hajiya, da kin san haka abin yake, da kin yarda an yi?"

Na ji ta gyara zama. Can ta ce ruwan nan da ke kan wuta ai ya isa haka. Na tashi na sauke. Na ce a raina shi ke nan, amsar ke nan, kuma na san ma'anarta.

Ana jibi za ta tafi na je makaranta in ga malamina, na biya ɗakin karatu, ban dawo ba sai bayan la'asar. Ina buɗe ƙofa na ci karo da kujerar sallarta, an jawo ta gefe an ɗora mata bargo. Gadon babu kowa. Na duba ko'ina. Sai na gan ta a ƙasa, tsakanin gado da taga, zaune a kan darduma ta tanƙwashe ƙafa, carbi a hannu. Wani zaren darduma ja ya manne mata a goshi.

Na tsaya da jakata a kafaɗa. Na tambayi bango ko faɗuwa aka yi.

Ba ta dubi bango ba. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, har sai da ni na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Tambayar da kika yi ran nan. Tun haihuwar Auta rabon goshina da ƙasa. Yau ya taɓa." Ta ɗago hannunta. "Tashin ne ya gagara, tun azahar nake nan ina jiranki. Zo ki kama ni."